Yadda baƙo ke zama ɗan gida a tsoffin labaran Italiya

A labaran da aka rubuta a Italiya kusan shekara 700 da suka wuce, akwai wata 'yar jimla da mai karatu kan tsallake da sauri don ya isa inda rikici yake. Ita ce wadda ke cewa wane ya fara zuwa gidan wane, ko yaro ya saba da 'yar maƙwabtansu, ko maigida ya yarda da baransa har ya sakar masa ragamar gida. Ba ta wuce layi ɗaya ko biyu. Amma duk abin da zai biyo baya, aure ne ko kisa ko damfara, a nan aka shuka shi. Ni kuwa a ganina, wanda bai tsaya a kan wannan jimla ba bai fahimci abin da marubutan suka fi sani game da ɗan Adam ba.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne littafin Decameron na Giovanni Boccaccio. An haife shi a 1313, ya rasu a garin Certaldo a 1375. Ɗan ɗan kasuwa ne, mahaifinsa yana aiki da gidan kuɗin Bardi na Florence, kuma tun yana matashi aka kai shi Naples don ya koyi harkar. Bai zama ɗan kasuwa ba, amma idon 'yan kasuwa bai bar shi ba: ya san yadda ake gina yarda, ya kuma san yadda ake cin ta. Ya rubuta littafin ne a 'yan shekarun da suka biyo bayan annobar da ta afka wa Florence a 1348, kuma da annobar ya buɗe shi.

Abin da ya fi girgiza shi a annobar ba yawan gawa ba ne kawai. Ya ce ɗan'uwa ya guji ɗan'uwansa, kawu ya guji ɗan da ya kamata ya riƙe, mace ta bar mijinta, har iyaye suka ƙi leƙa 'ya'yansu da ke kwance, kamar ba su suka haife su ba. Maƙwabci ba ya sanin maƙwabcinsa ya cika sai wari ya gaya masa. Wato birni guda ya wayi gari kusanci ya zama abin tsoro, taɓa hannun wanda kake so na iya kai ka kushewa. A cikin wannan hali ne mata bakwai, babu wadda ta gaza shekara 18 ko ta haura 28, suka haɗu a cocin Santa Maria Novella wata ranar Talata da safe, suka yanke shawarar barin gari. Maza uku suka shigo, aka gayyace su, washegari su goma da barorinsu suka koma wani gida a karkara. Mako biyu suka yi. A kwana goma daga ciki kowa ya ba da labari ɗaya kullum, labarai suka cika 100.

Su goman nan ba baƙin juna ba ne. Matan akwai ƙawaye, akwai maƙwabta, akwai dangi, kuma kowane ɗaya daga cikin mazan yana da wadda yake so a cikinsu. Shi ya sa da aka ambaci tafiya tare, fuskar Neifile, ɗaya daga cikin matan, ta yi ja don kunya, ta ce tana tsoron bakin mutane. Pampinea, wadda ta girme su, ita ta je ta roƙi mazan su raka su da zuciya ta 'yan'uwantaka. Daga nan sai aka kafa tsari: kowace rana a naɗa sarki ko sarauniya, akwai lokacin cin abinci, lokacin barcin rana, lokacin labari da na waƙa. Tsarin nan shi ya ba sabo damar girma ba tare da ya ɓaci ba, kuma ana iya bin girmansa daga yadda suke dariya. A rana ta farko, da Dioneo, ɗaya daga cikin mazan, ya ba da labari mai ɗan nauyi, matan sun sunkuyar da kai, suna satar kallon juna suna danne dariya, sannan suka yi masa faɗa a hankali. Kafin rana ta biyar, dariya suke yi a sake har ta ƙi tsayawa. A ƙarshe Panfilo, sarkin rana ta goma, ya yaba cewa zamansu ya kasance na mutunci da jituwa da shaƙuwa irin ta 'yan'uwa, sannan ya ce a koma gida, kada daɗewa ta haifar da gundura ko ta ba masu gulma abin faɗa. Mutumin da ya faɗi haka ya san karin maganar nan ko da bai taɓa jin ta ba: ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe.

To me ya sa kusanci ya zama babban al'amari haka a labaran da suke bayarwa? Domin a duniyarsu, isa wurin mace ta gidan mutunci abu ne mai wuya. Boccaccio da kansa ya ce ya rubuta littafin ne don matan da umarnin iyaye da 'yan'uwa da mazaje ya killace a ƙananan ɗakuna, alhali maza na da farauta da kamun kifi da hawan doki da kasuwa su ɗebe kewa. Aure kuma harkar iyali ce, da lissafin dukiyar da za a haɗa amarya da ita. Rajistar haraji ta Florence ta 1427, ko da yake ta zo bayan zamaninsa, ta nuna mata na aure suna kusan shekara 18, maza kuwa kusan 30. Ke nan gari cike yake da samari marasa aure, gidaje kuma cike da 'yan mata da matan aure masu ƙuruciya, ga ƙofa a rufe. Idan aka tsare ƙofa haka, wanda zai shiga shi ne wanda ba a ɗauke shi abin tsaro ba: abokin wasan yarinta, yaron shago, baran gida, aminin maigida.

Labarin Girolamo da Salvestra shi ne mafi sauƙi, kuma shi ya fi taɓa ni. Girolamo ɗan wani attajiri ne na Florence da ya mutu ya bar shi yana ƙarami. Cikin yaran unguwa, ya fi sabawa da 'yar wani tela, sa'arsa. Babu wanda ya ga aibu, yara ne. Da shekaru suka ja, sai sabon ya rikiɗe ya zama so, har ba ya samun sukuni sai ya gan ta. Sai a lokacin uwarsa ta farga, ta haɗa baki da masu kula da dukiyarsa aka tura shi Paris da sunan koyon kasuwanci, aka riƙe shi can shekara biyu da alkawarin yau da gobe. Ya dawo ya tarar an aurar da Salvestra ga wani mai ɗinka tantuna, kuma ta nuna kamar ba ta taɓa saninsa ba. Ya saci jiki ya shiga gidanta da dare, ta roƙe shi ya tafi, ta ce lokacin yarinta ya wuce, yanzu tana zaune lafiya da mijinta. Ya nemi alfarma ɗaya, ta bar shi ya ɗan kwanta a gefenta ya ji ɗumi, ba zai taɓa ta ba. A nan ya riƙe numfashinsa ya mutu. Washegari ta shiga cikin mata a coci don jin abin da ake faɗa, tana ganin fuskarsa ta faɗi a kansa, ba ta tashi ba. Neifile, mai ba da labarin, ba ta ɗora laifin a kan yaran ba. Uwar ta ɗora wa, wadda ta zaci dabararta za ta iya tumɓuke abin da ya yi shekaru yana yin saiwa a gabanta ba ta kula ba.

A Messina kuma akwai Lisabetta, ƙanwar wasu 'yan kasuwa uku. A shagonsu akwai wani saurayi ɗan Pisa, Lorenzo, shi ke gudanar musu da komai. Kullum tana ganinsa, kallo ya yawaita, shi ma ya lura, ya watsar da sauran 'yan matan da yake bi. Babban wansu ya gan ta wani dare tana zuwa ɗakin Lorenzo, ya yi shiru. Abin tsoro a labarin shi ne yadda 'yan'uwan suka yi amfani da sabon da ke tsakaninsu da yaron. Sun ci gaba da wasa da dariya da shi kamar kullum, rannan suka ce ya zo a fita bayan gari shan iska, ya bi su ba tare da ɗar ba, suka kashe shi suka binne. Ba su taɓa zaunar da ƙanwarsu sun tambaye ta ba. Da ta yawaita tambayar ina Lorenzo, amsar da ta samu ita ce me ya haɗa ta da shi, in ta ƙara za ta ji amsar da ta dace da ita. Ta gan shi a mafarki, ta je ta tono gawar, ta yanke kan ta binne a tukunyar shuka, ta dasa ɗaɗɗoya a kai tana shayar da ita da hawaye. Da suka gano, suka sace tukunyar suka gudu Naples, ita kuma ta mutu tana neman tukunyarta. Gida ɗaya suke kwana da ita, amma yaron shago ya fi su sanin ta.

Sai ka ajiye wannan kusa da labarin Caterina, 'yar Messer Lizio na Valbona. Mafarin iri ɗaya ne sak. Ricciardo Manardi yana yawan zuwa gidan, har iyayen ba sa tsaronsa fiye da yadda za su tsare ɗan cikinsu. Yarinyar ta yi ta ƙorafin zafi har aka shimfiɗa mata gado a baranda don ta ji kukan tsuntsu da dare, saurayin ya hau bango. Da asuba uban ya same su suna barci. Bai zaro takobi ba. Ya kira matarsa, ya hana ta ihu, ya tuna mata cewa yaron ɗan babban gida ne mai dukiya. Aka ari zoben uwar, Ricciardo ya ɗaura wa Caterina aure nan take a gabansu. Wannan ba almara ba ce zalla, domin a dokar coci ta lokacin yardar mutum biyu ta isa ta ƙulla aure. Babban taron coci na Lateran a 1215 ya hana auren ɓoye amma bai rushe wanda aka riga aka ƙulla ba, sai taron Trent a 1563 ne ya wajabta limamin coci da shaidu. Bambancin Ricciardo da Lorenzo ba a zurfin so yake ba, ba a girman laifi yake ba. Ɗaya tsaran gidan ne, ɗaya ɗan aiki. Boccaccio bai ɓoye wannan ba. A bakin Ghismonda, 'yar sarkin Salerno da ta so baran mahaifinta Guiscardo, ya sa hujjar da ta fi kowace zafi: uban ya fi jin haushin cewa talaka ta zaɓa fiye da laifin kansa, alhali shi ne ya fi kowa yabon halin yaron. Kuma a ranar da ta tsaya gabansa, ba ta ce masa baba ba, sunansa ta kira, Tancredi.

Tun da kowa ya san sabo na buɗe ƙofa, dole a sami masu ƙera shi da gangan. A Siena, Rinaldo ya rasa hanyar magana da matar maƙwabcinsa, da ya ga tana da ciki sai ya kusanci mijin ya nemi zama uban baftismar jaririn. Wannan alaƙa a wurinsu dangantaka ce ta gaske da ke haramta aure, kusan yadda shayarwa ke yi a Musulunci, don haka mai ita yana shiga gida ba a zarge shi. Lodovico kuwa ya ji labarin kyawun wata mata a Bologna, ya canja suna zuwa Anichino, ya shiga bauta a gidan mijinta Egano, ya yi aiki da kyau har maigidan ba ya iya yin komai ba tare da shi ba.

Inda abin ya koma sana'a sosai shi ne wurin kuɗi, kuma nan ne ɗan ɗan kasuwa ya nuna ya san gari. Andreuccio, dillalin dawakai daga Perugia, ya je Naples da fulorin 500 na zinariya, kuma don a san da gaske yake ya yi ta fito da jakar a kasuwa. Wata budurwa 'yar Sisili ta gani. Ta kuma ga wata tsohuwa da ke tare da ita ta ruga ta rungume shi, domin ta san mahaifinsa. Ta zaunar da tsohuwar ta tatse ta tas: sunayen danginsa, inda ya sauka, abin da ya kawo shi. Da yamma ta aika a kira shi, ta tare shi a matakala da kuka, ta ce ita 'yar'uwarsa ce da mahaifinsu ya haifa a Palermo ya watsar. Ta shiga tambayar lafiyar dangi ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Aka kawo abin sha, aka tsare shi cin abincin dare, aka ce dare ya yi, Naples ba garin yawon dare ba ne ga baƙo. Abin da Girolamo da Salvestra suka yi shekaru suna ginawa, ita ta kwaikwaye shi a yini ɗaya, kuma kafin gari ya waye jakar ta zama tata. A Palermo ma, Boccaccio ya bayyana yadda ake rubuta kayan kowane baƙon ɗan kasuwa da ƙimarsu a littafin kwastan, da yadda wasu mata ke bibiyar littafin don su san wanda ya cancanci a so shi. Haka Salabaetto ya faɗa hannun Iancofiore, wadda ta fara da yi masa kyauta, ta ƙi karɓar komai daga gare shi, sai da ya sayar da kayansa ta zo da hawaye da labarin ɗan'uwanta da za a fille wa kai.

Wannan ne ya sa nake ganin littafin ya fi ƙarfin a kira shi tarin labaran ban dariya. Matakan kusanci na gaskiya da na jabu iri ɗaya ne: a gan ka, a san sunan naka, a ci abinci tare, a yi kyauta, a buɗe maka sirri. Daga waje ba ka iya bambance su. Boccaccio bai ba da wata alama da za a gane maƙaryaci da ita tun farko ba, kuma ina jin da gangan ne, domin babu ita. Abin da ya yi shi ne ya kai mutanensa ranar da kusancin zai ci musu wani abu, sannan a ga wanda zai biya.

Federigo degli Alberighi ya ƙarar da dukiyarsa kan Monna Giovanna, da wasannin dawakai da liyafa da kyaututtuka, ko kallo bai ishe ta ba. Ya talauce ya koma wata 'yar gona a Campi, ba shi da komai sai shahonsa na farauta. Mijinta ya mutu, ta zo hutun bazara a gonarta da ke kusa. Abin da dukiya ta kasa, maƙwabtaka ta fara: ɗanta ƙarami mai son tsuntsaye da karnuka ya saba da Federigo, yana zuwa kallon shahon na tashi. Yaron ya kwanta ciwo, ya ce in aka ba shi shahon zai warke. Uwar ta daɗe tana jin nauyi, sannan ta je, ta ce ta zo cin abincin rana. Federigo ya zaga gida bai ga abin da zai ba baƙuwa irinta ba, ga shi ba ya iya roƙon ko mai yi masa noma. Idonsa ya faɗa kan shahon, ya taɓa shi ya ji da ƙiba, ya murɗe wuyansa ya sa aka gasa. Sai bayan an ci ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya fashe da kuka, ya kawo mata gashin da ƙafafun da bakin tsuntsun don ta gani. Yaron ya rasu bayan 'yan kwanaki. Da 'yan'uwanta suka matsa mata ta sake aure, ta ce in dai dole ne to Federigo, gara mutum mai buƙatar dukiya da dukiya mai buƙatar mutum. Lura cewa ba ta ce ta kamu da sonsa ba. Ta san shi ne yanzu, sanin da shekarun kyautarsa ba su ba ta ba, saboda ta shiga gidansa ta ga abin da yake yi idan ba shi da komai.

Labari na kusa da ƙarshe ya kai maganar har ƙetaren addini. Gwarzonsa Salahuddin ne, sarkin Masar da Sham, wanda ya karɓe Ƙudus a 1187 ya rasu a Dimashƙa a 1193. Tafiyar da aka ba shi a labarin ƙirƙira ce, amma girman da marubutan Italiya ke ba shi gaskiya ne, har mawaƙi Dante ya ajiye shi a waƙarsa cikin manyan mutanen da ba Kirista ba. An ce ya yi shigar ɗan kasuwar Kubrus ya zaga Turai don ya ga shirin yaƙin da ake yi masa. Tsakanin Milan da Pavia, magariba na gabatowa, ya haɗu da Messer Torello, ya tambaye shi masauki. Torello ya san in ya gayyace su kai tsaye za su iya ƙi, sai ya haɗa su da baransa ya bi da su ta zagaye har gidan gonarsa a bakin kogin Ticino, shi kuma ya riga su isa. Washegari ya sake yi musu irin dabarar zuwa gidansa na cikin gari. Matarsa Adalieta ta fito da 'ya'yanta biyu ta gaishe su, ta ba kowannensu riguna irin waɗanda take ɗinka wa mijinta, tana cewa sun yi nisa da matansu. Aka musanya musu dawakansu da suka gaji da sababbi. Torello ya ji a jikinsa ba 'yan kasuwa ba ne, ya faɗa musu haka a wurin sallama, amma bai tilasta su faɗi ko su wane ne ba.

Shekaru suka juya, Torello ya tafi yaƙi, aka kama shi a Akka aka kai shi Iskandariyya. Gwanintarsa ta horar da shaho ta kai shi gaban sarki, ba wanda ya gane wani, Salahuddin na kiransa Kirista kawai. Rannan suna hirar tsuntsaye sai Torello ya yi murmushi, bakinsa ya motsa ta wata hanya da sarkin ya lura da ita tun a Pavia. Kwana biyu kacal suka yi tare a baya, kuma abin da ya rage a zuciyar sarkin ba liyafar ba ce, motsin leɓe ne. Ya sa aka shimfiɗa tufafinsa duka a ɗaki, ya ce ya duba ko akwai wanda ya sani. Torello ya ce biyu daga ciki sun yi kama da waɗanda aka taɓa ba wasu 'yan kasuwa uku a gidansa. Sarkin ya rungume shi, ya ce daga yau shi ne maigida a nan. Da ya ji wa'adin da Torello ya ba matarsa ta jira shi kafin ta sake aure, shekara ɗaya da wata ɗaya da kwana ɗaya, ya kusa cika kuma za a aurar da ita, bai riƙe shi ba duk da yana so ya zauna. Ya sa wani mai sihirinsa ya mayar da shi Pavia a dare ɗaya, bayan ya roƙe shi da hawaye ya riƙa rubuto masa wasiƙa, in hali ya yi kuma ya zo ya gan shi ko sau ɗaya kafin mutuwa. Torello ya isa ana cikin bikin, ya jefa zoben matarsa a kofin da aka miƙa mata, ta gane shi. Da komai ya lafa, ya aika manzanni fiye da ɗaya zuwa Masar su gaya wa Salahuddin ya sauka lafiya, yana kiran kansa amininsa kuma baransa.